Kafin Jirgin Ƙasa Ya Iso Maraɗi: Wa Zai Ci Moriyar Yankin Masana'antu Na Musamman?

Idan kaka ta yi, tun kafin rana ta ɗaga kasuwar Cadawa take cika. Amalanken shanu da na jakuna na shigowa daga ƙauyukan Agye da Gazawa, ɗauke da buhunan aya da riɗi da wake. Masu awo na cika tiya har ta yi tozo, dillalai na kai da kawo tsakanin manomi da baƙon da ya zo da kuɗi. A bakin kwalta manyan motoci sun yi layi. Kafin magariba an ɗinke buhuna, an yi lodi, motoci sun kama hanyar Maraɗi, daga can su bi Ɗan Isa su tsallaka Jibiya.

Yawancin kayan nan haka suke barin ƙasar, yadda suka fito daga gona, da ƙasarsu da tsakuwarsu. A kasuwar Dawanau ta Kano ake tsince riɗin, a sake masa buhu, ya nufi tashar jiragen ruwa ta Legas. Ayar kuwa wata takan kai har Sifaniya, inda ake tatsar ta a yi abin sha. Aikin tsincewa da matsewa da ƙunshewa, da albashin da ke cikinsa, duk a bayan iyaka ake yin su.

Wannan damuwa ta daɗe a jihar Maraɗi. Abin da ya sake tayar da ita shi ne layin dogo da Najeriya ke shimfiɗawa daga Kano, ya bi Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi. Tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, kwangilarsa ta kusa dalar Amurka biliyan 2, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin a watan Fabrairun 2021. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yin sa, kamfanin da kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinsa ke hannun wani babban kamfanin gwamnatin Sin. An sha ɗaga ranar kammalawa, amma aiki na tafiya.

A Afirka ta yau, duk inda aka kai dogo ko aka gina tasha, magana ɗaya ke biyo baya: a ware fili, a kewaye shi, a kira masu jari daga waje su kafa masana'antu. Har yanzu babu irin wannan yanki a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Amma su ne ke gabas da yammacin birnin Maraɗi a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Su ke da amfanin gonar da za a sarrafa, su ke da matasan da za a ɗauka aiki, kuma a gonakinsu ko na maƙwabtansu za a nemi filin. Ya kamata mutanensu su san abin tun bai iso ba.

Katanga da sassaucin haraji

Yankin tattalin arziki na musamman fili ne da gwamnati ke keɓewa ta ba shi dokokin da suka bambanta da na sauran ƙasa. Wanda ya kafa masana'anta a ciki yakan shigo da injuna da kayan aiki ba tare da biyan kuɗin duwan ba, a yafe masa harajin riba na shekaru, a bar shi ya fitar da ribarsa zuwa ƙasarsa. Takardun da ɗan kasuwar gida zai yi watanni yana bi ofis-ofis, shi a ɗaki ɗaya ake gama masa su. Abin da ƙasa ke fata ta samu shi ne aikin yi, da kuɗin ƙasashen waje, da koyon sana'a.

Hukumar ciniki da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa akwai irin waɗannan yankuna kusan 5,400 a ƙasashe kusan 150, sama da 200 daga ciki a Afirka. Kowa da misalin Shenzhen yake kafa hujja, garin da Sin ta keɓe a 1980 a bakin iyakar Hong Kong, wanda yanzu mazaunansa suka haura miliyan 17. Tsibirin Morishus ma, da ya fara nasa a 1970, ya tashi daga dogaro da rake zuwa ɗinkin tufafi.

Ba a cika ambaton na Dakar ba. Senegal ta buɗe shi a 1974, amma tsadar wuta da wahalar takardu suka hana shi tashi, kamfanoni kaɗan ne suka zauna, har tsarin ya shuɗe a ƙarshen shekarun 1990. A Afirka, yankunan da suka yi irin wannan ƙarshe sun fi waɗanda suka yi na Morishus yawa.

Maraɗi ta taɓa ganin masana'antu

Dattawan Maraɗi ba baƙin masana'anta ba ne. Gyaɗa ce ta gina garin a zamanin Faransawa. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, ana auna gyaɗar Gobir da ta Katsinar Maraɗi ana kai ta Kano, inda jirgin ƙasa ke kwasarta zuwa teku. Masana'antar Siconiger tana matse mai a cikin gari. Bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa Sonara a 1962 don ta riƙe cinikin gyaɗar, aka kuma buɗe majemar Sonitan saboda fatar jar akuyar Maraɗi, fatar da masu yin takalma da jakunkuna a Turai suka daɗe da sanin darajarta.

Farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki. Sonara ta durƙushe, majemar ta rufe, ƙananan masana'antun da aka kafa a lokacin kuɗin yuraniyom suka kasa gogayya da kayan da ke kwararowa daga Najeriya da rahusa.

Alhazan Maraɗi ba su zauna ba. Tun lokacin yaƙin Biyafara suka gane cewa akwai riba a shigo da kaya ta Kwatano a wuce da su Najeriya: yadi, taba sigari, shinkafa, motoci. Kuɗin da ya fito daga nan ya gina gidaje da masallatai da shaguna, amma kaɗan ne ya shiga injin sarrafa abin da ƙasar ke nomawa. Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Ɗan kasuwa yana kai kuɗinsa inda zai dawo masa da sauri, kuma masana'anta a wurin da wuta ba ta tsayawa kasada ce babba. Duk wanda zai kawo maganar yankin musamman sai ya fara amsa tambayar da tarihin garin ya bari: abin da ya rufe Sonitan, an gyara shi?

Abin da maƙwabta suka gani

Ba sai an je nesa ba. Najeriya ta kafa hukumar kula da irin waɗannan yankuna tun 1992, kuma ɗaya daga cikin biyun da gwamnatin tarayya ta mallaka yana Fanisau, kusa da filin jirgin saman Kano. A Maigatari ta jihar Jigawa, daf da iyakar Damagaram, an buɗe wani wajen shekara ta 2000, da niyyar cin moriyar cinikin iyaka. Kasuwar dabbobin Maigatari na cika maƙil kowane mako ba tare da an yafe wa kowa haraji ba, yankin da aka kewaye kuwa ya yi shekaru yawancin rumbunansa babu kowa, gwamnatocin jihar na ta alkawarin farfaɗo da shi.

Tashoshin tsandauri ma sun ƙaru: ta Dala a Kano da aka buɗe a farkon 2023, da ta Funtuwa a 2024. Waɗannan za su yi gogayya da duk abin da Maraɗi za ta gina.

Darasi mafi tsada daga kudu ya zo. A Igbesa ta jihar Ogun an kafa yanki tare da 'yan Guangdong na Sin a 2007. Rigima ta ɓarke tsakanin gwamnatin jihar da kamfanin Zhongshan da ke gudanar da wurin, aka kore shi a 2016. Kamfanin ya kai ƙara kotun sasanci a Landan, a 2021 aka yanke a biya shi kimanin dalar Amurka miliyan 70. Da kuɗin bai fito ba, a watan Agustan 2024 wata kotu a Faransa ta ba shi damar riƙe jiragen saman fadar shugaban Najeriya guda uku. Yarjejeniyar da gwamnatin jiha ɗaya ta sa wa hannu ta zama bashi da abin kunya ga ƙasa baki ɗaya.

Misalin Benin, da kukan manomanta

Wanda ya fi kama da abin da za a iya yi a Maraɗi shi ne na Glo-Djigbé, kimanin kilomita 45 daga Kwatano. Gwamnatin Benin ta haɗa hannu da kamfanin Arise, wanda ya samo asali daga Olam na Singafo, aka ware hekta 1,640 don sarrafa auduga da kashu da waken suya. Cikin 'yan shekaru audugar da a da ake fitarwa ɗanya ta koma zare, ta koma yadi, ta koma rigunan da ake sayarwa a kantunan Amurka da Faransa. Dubban matasa sun sami aiki. Wannan nasara ce, kuma babu dalilin ƙin faɗin ta.

Sai dai inji ba ya son yunwa. Don masana'antun su sami abin sarrafawa, gwamnati ta hana fitar da ɗanyen kashu da waken suya daga watan Afrilun 2024. Manoma suka koka cewa an rage musu masu saye, farashi ya faɗi, wasu suka koma fasa-ƙwaurin amfanin gonarsu ta daji zuwa Najeriya da Togo.

Manomin aya na Gangara ya san wannan lissafi ko da bai taɓa jin sunan Glo-Djigbé ba. Ƙarfinsa ɗaya a kasuwa shi ne yawan masu saye: idan na Maraɗi ya taya da arha, ya jira na Katsina ko na Kano. Ranar da aka ce duk aya da riɗin jiha sai masana'anta ɗaya za ta saya, ranar aka ɗauke masa wannan ƙarfi. Jami'an gwamnati na da tasu hujjar, cewa babu mai zuba biliyoyi a inji ba tare da tabbacin kayan aiki ba. Gaskiya ne. Amma ana iya samar da tabbacin ta hanyar kwangila da ƙungiyoyin manoma, a tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba tun kafin shuka, a ba da iri da taki a kan lokaci. Masana'antar da ke biya da kyau ba ta bukatar soja a kan hanya don kaya su zo mata.

Gonar wa za a kewaye?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum kusan miliyan 3 da dubu 400, kuma tun daga lokacin an ƙaru sosai. Mafi yawansu a kudancin jihar suke cunkushe. A ƙauyukan Agye da Gazawa an daina barin gona ta huta, domin babu wata da za a koma. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki goma sun raba shi. Mata da yawa sun rasa gamanar da a da maigida ke yanka musu. Wanda yunwa ta matsa wa yakan jinginar da gonarsa, daga jingina ta zama sayarwa, mai gona ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa.

A irin wannan ƙasa a ce za a yanki hekta 1,640. Idan aka ƙaddara kowane gida na da hekta biyu zuwa uku, gonakin gidaje 500 zuwa 800 ke nan, kowane gida da bakunan da ke ci a cikinsa. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan fili aka nema, ƙauye guda ne ya tashi.

Kuma gonakin nan ba fili ne kawai ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara da aduwa su girma a cikin shuka maimakon a sare su. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a duniya kan wannan aiki, har baƙi daga ƙasashe na zuwa koyo. An ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 ta wannan hanya, ba da kuɗin wani attajirin waje ba. Gawon da mutum ya yi shekara talatin yana reno, yana ba shi taki da abincin dabba da inuwa, nawa za a rubuta masa a takardar diyya? Gorubar Gulbin Kaba da mata ke saƙa tabarma da igiya da kabarta fa?

Doka tana nan. Nijar na da dokar karɓar fili don amfanin jama'a tun 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya kafin a karɓa. Akwai kundin dokokin karkara na 1993 da ya kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Matsalar ita ce mafi yawan gonaki ba su da takarda. Shaidarsu mai gari ne da dattawa da iyakar gamba. Mai aron gona, da matar da ke noma gonar mijinta, da wanda ya karɓi jingina, duk za su iya tashi a tutar babu ranar rabon diyya.

Makiyayi ya fi kowa shiga haɗari, domin shi ba gona yake da ita ba, burtali da mashaya yake da su. Idan katanga ta datse burtali, garke zai bi ta cikin shuka. Mutanen Gidan Rumji ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da ɗari, akasarinsu mata da yara. Yau kuma gundumar na ɗauke da dubban 'yan gudun hijira da suka tsere wa 'yan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, an zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙasar da ke ɗauke da wannan nauyi ba a yanka ta da biro daga Yamai.

Ko a Legas, inda kuɗi ke da yawa, rigimar fili a yankin musamman na Lekki ta kai ga asarar rai a 2015, lokacin da aka kashe shugaban kamfanin da ke wakiltar jihar a yayin tarzomar mazauna wurin.

Wutar da ke bi ta Gazawa

Gazawa na da wani matsayi da ba kowa ya lura da shi ba. Babban layin lantarki da ya taso daga Katsina a nan yake sauka, daga nan wuta ke rabuwa zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take sayen ta. Da Ecowas ta sa takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse layin, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da watannin nan suka ci musu.

Babu masana'antar da za ta zauna a kan wutar da rikicin siyasa ke iya kashewa dare ɗaya. Saboda haka masu gina irin waɗannan yankuna sukan kafa tashar wutarsu. Rana kuwa Allah ya hore wa Maraɗi. Tambayar ita ce ko wutar za ta tsaya a bakin katanga. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, bai dace a haskaka masana'anta ƙauyen da ya ba da filinta yana cikin duhu ba.

Ruwa ma haka. Jima na shan ruwa da yawa, tana zubar da dauɗa mai guba. Wanda ya ga abin da majemun Calawa da Sharaɗa suka yi wa kogin da ke kusa da su a Kano ya san illar. Rijiyoyin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba ba su da zurfi, da su ake sha, da su ake noman rani. Tsibiri ta riga ta ɗanɗana abin da ruwan da ba a auna ba ke yi, lokacin da sinadarin da ya yi yawa a ruwan famfon garin ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa kafin a farga.

Aiki, amma wane iri?

Matashin da ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yana tuƙa kabu-kabu, da wanda ke tafiya biɗa Kano ko Agadas ko Libiya duk bayan girbi, ba sa son dogon bayani. Su dai a buɗe, a ɗauke su. Suna da gaskiya: kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma gona ba za ta ɗauke su duka ba.

Habasha ta gwada amsa wannan kira. Ta buɗe yankin Hawassa a 2016, manyan kamfanonin tufafi na duniya suka shigo, aka ɗauki dubban 'yan mata daga ƙauyuka. Wani bincike na Jami'ar New York a 2019 ya gano cewa albashin farko dalar Amurka 26 ne a wata, mafi ƙanƙanta a duk ƙasashen da ke ɗinka wa duniya tufafi. Da yawa ba su iya biyan ɗaki da abinci da shi, suna barin aikin cikin 'yan watanni. Da yaƙin Tigray ya sa Amurka ta cire Habasha daga tsarinta na sassaucin ciniki, Agoa, a farkon 2022, wasu kamfanoni suka naɗe kayansu, dubbai suka rasa aiki. Nijar ma an cire ta daga wannan tsari tun Janairun 2024.

Misali na gida shi ne matatar mai ta Soraz da ke kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, Nijar na da 40. Ta sa ƙasar ta daina dogaro da man waje kaɗai, ta horar da injiniyoyi. Amma ƙorafin bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa ya daɗe, har a watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an kamfanonin man Sin guda uku daga ƙasar. Abin da ba a rubuta a yarjejeniya tun farko ba, da rigima ake neman sa daga baya. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun 2024, kuma bai kamata katangar wani yanki ta zama dalilin sauka ƙasa da shi ba, ko hana ma'aikata kafa ƙungiya.

Akwai kuma masu aikin da ba a lissafa su. A kowane ƙauye akwai matan da ke soya gyaɗa su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, da shi suke aurar da 'ya'ya, da shi suke zubin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar nan a 1991 ya bazu Afirka. Babbar masana'antar mai na iya ɗaukar mutum 300 ta kashe sana'ar mata 3,000. Tana kuma iya sayen ɗanyen man daga hannunsu ta tace. Wanda ya rubuta yarjejeniya ne ke zaɓa.

Iyakar da ke buɗewa tana rufewa

Maraɗi na nesa da teku da sama da kilomita 1,000 ta kowace hanya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Rikici da Benin ya toshe hanyar Kwatano, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar sojoji. Nijar ta fice daga Ecowas a Janairun 2025. Faɗuwar naira kuma ta sa kayan Kano sun yi arha a kasuwar Maraɗi, na Maraɗi sun yi tsada a Kano. Mai jarin da ke zaune a Dubai ko Shanghai yana karanta duk wannan kafin ya sa hannu, kuma gwargwadon tsoronsa gwargwadon sassaucin da zai nema.

Wanda bai tsorata da wannan iyaka ba shi ne wanda ya saba da ita. Jarin da ya fara tayar da Shenzhen yawancinsa daga Hong Kong ya fito, daga mutanen da harshensu ɗaya da na wurin, danginsu na tsallaken iyaka. A Morishus attajiran rake na gida ne suka zuba kuɗinsu a masaƙu tare da baƙi. Attajirin Kano ko Katsina da ke da suruki a Maraɗi, da Alhajin Maraɗi da ke da shago a Kantin Kwari na Kano, su ne kwatankwacin waɗannan. Kasuwar da ta fi kusa ma ita ce ta miliyoyin mutanen Arewacin Najeriya da ke shan kunun aya, suna cin wake da man gyaɗa kullum.

Abin da ya kamata a tsaya a kai

Ra'ayina shi ne jihar Maraɗi na bukatar masana'antu, kuma ba za ta iya ba tare da jari da injuna da ƙwarewar waje ba. Amma a fara da ƙarami: 'yan hekta goma-goma kusa da tashar jirgin da kan hanyar Cadawa, a wurin da ba a noma sosai, da wuta mai tsayawa, da injunan tsince riɗi da aya, da matsar mai, da jima mai wurin tace ruwanta. Idan ya cika a faɗaɗa. Sassaucin da za a yi wa baƙo a yi wa ɗan gida irinsa, don kada a wayi gari mai ƙaramar masana'anta a cikin gari yana biyan harajin da babban abokin gogayyarsa ba ya biya. A ware wa 'yan kasuwar jihar da ƙungiyoyin manoma hannun jari. Masu gonar da aka karɓa a ba su zaɓin haya ta shekara-shekara ko wata gonar, domin kuɗin diyya na lokaci ɗaya ba ya kai damina biyu.

Yarjejeniyar kuma kada ta zama sirri. A fassara ta da Hausa da Fulatanci, a karanta a gidajen rediyon karkara, mutane su ji shekarun da aka yafe haraji, da yawan 'yan ƙasa da za a ɗauka, da kotun da za a je idan an saɓa. Sarkin Gobir na Tsibiri da Sarkin Katsinan Maraɗi da hakimai da shugabannin makiyaya su zauna a teburin tun ranar farko.

Ga manoman Agye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa, akwai abin da ba sai an jira kowa ba. Duk mai gona, ta gado ce ko ta saye ko ta aro, namiji ko mace, ya je wurin Kofo na ƙauyensa ko na gundumarsa a rubuta masa takardar shaida tun yanzu. Ƙungiyoyin makiyaya su ma su nemi a shata burtali da mashaya a kafa musu alama, kafin masu awon fili su iso.